Anti Kwala da Masu Tambayar "Nawa Ne?"

Duk wanda ya san ta a kamfanin ɗinkin kayan makaranta, da Anti Kwala ya san ta, kuma sunan bai zo a banza ba. Tun tana budurwa ta shiga kamfanin, aka zaunar da ita a layin tsakiya kusa da wata taga da ba ta buɗuwa, aka ce ga keken ɗinki, ga kwalar riga. A can ba a barin mutum ya ɗinka riga sukutum. Wata hannu take haɗawa, wata aljihu, wata maɓalli, ita kuwa kwala. Ta yi aure tana kwala, ta haifi yaranta tana kwala, furfura ta fara leƙo mata tana kwala. Takan ce da yaran garin za su tuɓe abin da ta ɗinka musu, wuyansu kaɗai ne zai sha iska.

Yayarta ce ta samo mata aikin tun farko, kuma ita Yaya har yau tana can a layin aljihu. Ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma taɓa tambayar inda rigunan suke zuwa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma hali kowa da nasa. Yaya in ta samu wurin zama, zama take yi. Ƙanwar kuwa tun tana yarinya ba a ce mata "haka ake yi" ta yi shiru, sai ta ji wa ya ce a yi hakan.

Abin ya faro ne daga jakar makarantar autarta. Jakar kasuwa ce, ko zango ɗaya ba ta rufa ba hannunta ya cire. Anti Kwala ta duba ɗinkin, ta ja tsaki, ta ce wanda ya yi wannan ko ƙulla zare bai iya ba. Ta sayo yadi mai kauri irin na tanti, ranar hutu ta hau tsohon kekenta na gida, ta yanka, ta haɗa, ta sa zif, ta ninka hannun ta bi shi da ɗinki biyu. Da ta gama ta ɗaga jakar tana juya ta gaba da baya, sai ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Shekara da shekaru tana kan keke, wannan ne abu na farko da ta fara da hannunta ta kuma ƙarasa da hannunta. Auta ta zaci allura ce ta soke ta.

Maƙwabta suka gani suka ce su ma a yi musu. Daga jakar makaranta ta koma ta masu jego, mai aljihu ciki da waje, daga nan ta koma ta 'yan aiki. Rannan ta shiga ofishin Manaja ta ce ta ajiye aiki. Manaja mutum ne mai sanyin magana, kuma ya san hannunta. Ya ce ba zai riƙe ta ba, amma zai ɗora wata a kekenta na wucin gadi har zuwa lokacin da za a fara ɗinkin sabuwar shekarar karatu. In ta dawo kafin nan, kujerarta tana nan. In aka fara ba ta dawo ba, to ya ba wata, kuma ba ya ɗaukar mace mai shekarunta sabuwa. Yaya da ta ji labari ta bi ta har gida, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ƙare da cewa za ta ga ranar da za ta dawo da ƙafarta.

Maigidanta direban motar kaya ne, mai yawan barkwanci. Shi ya kwashe tsofaffin tayoyinsa daga ɗan ɗakin ajiya da ke kusa da kicin, ya shafe bango ɗaya da farin fenti, ya kafa mata ƙusa a tsakiya. Ya ce ga kamfani nan ya gina mata, shi ne mai gadi, albashinsa kuma shayi. A ɗakin ta sa keke, da teburin yanka, da kwandon zif. Hantsi na yi rana take shigowa ta ƙofa ta haske farin bangon, nan take rataye jaka a ƙusar ta tsaya tana kallo.

Sai dai fa unguwa ba ta da faɗi. Kowa ya saya, kuma jakar Anti Kwala ba ta yagewa, balle a dawo. Maigidan ya ce ita ta cuci kanta, da ta riƙa barin ɗan wuri ɗaya ba ɗinki. Kasuwa ta tsaya cak. A nan ne wata maƙwabciyarta mai sayar da turare ta ce mata ai yanzu ba a jiran mai saye a ƙofar gida, a waya ake nemo shi. Ta buɗe mata shafi, ta koya mata ɗaukar hoto da rubuta 'yar magana a ƙasa. Anti Kwala ta sa hoton farko, ta wuni tana leƙawa. Maigidanta ya danna mata layik, mai turare ta danna, shi ke nan.

Mai turare ta ce kada ta damu, akwai hanya, ta jefa ta a wani guruf na masu talla a waya. Matar da ke riƙe da guruf ɗin kowa Shugaba yake ce mata. Takalma take tallatawa waɗanda ita kanta ba ta taɓa riƙe su a hannu ba, kuma kullum da safe sai ta turo dogon saƙon murya na ƙarfafa gwiwa. Ta yi wa Anti Kwala bayani cewa manhajar da shafukansu suke ciki taro take bi. In ta ga hoto shiru sai ta binne shi, in ta ga ana rububi a ƙarƙashinsa sai ta kai shi gaban dubban mutane. Saboda haka doka ɗaya ce. Kowa ya sa hotonsa ya turo guruf, sauran su bi shafinsa su danna layik, su yi rubutu kamar masu saye. Wannan ta rubuta "Nawa ne?", waccan ta rubuta "A ajiye min biyu", wata ta ce "Na sayi irinta, ba ƙarya". Mai kaya kuma ta bi kowa da hoton zuciya da "Na gode 'yar uwa". Wanda ya yi fashi a ja masa kunne, in ya maimaita a nuna masa ƙofa.

Anti Kwala ta tambaya, to wa ya ce a yi hakan? Shugaba ta yi dariya ta ce duk manyan da take gani ta nan suka bi. Da ƙyar Anti Kwala ta haɗiye amsar, don tana son abin ya yi. Wallahi tana so. Lokacin sabuwar shekarar karatu yana ƙaratowa, kuma duk sanda ta tuna tagar nan da ba ta buɗuwa sai ta ce ita da komawa can sai dai dole.

Washegari shafinta ya cika. Mata sun yi layi a ƙarƙashin jakar masu jego, kowa nawa ne, nawa ne. Maigidan ya kai wayarsa tasha yana nuna wa direbobi, yana cewa su fara gaishe shi tun yanzu. Ita ma ta san na bogi ne, amma ta ji daɗi, ba za ta yi ƙarya ba. Mutum ko ya san shi ya tara 'yan tafi, in aka tafa sai ya ji wani abu.

Mutanen guruf suna da yawa, ba ta san fuskar kowa ba sai mai turare. Kafin ta bi shafin kowa ta yabi man shafawar da ba ta shafa ba da tukunyar da ba ta gani ba, sannan ta dawo ta amsa nata, rana ta bar farin bango. To kun san hannun kamfani. Matar da ta shekara ashirin da wani abu tana tura kwala ƙarƙashin allura ba tare da ta kalle ta ba, ai ba za a koya mata sauri ba. Ta mayar da abin kwala. Zuciya, na gode 'yar uwa, ta wuce. Zuciya, na gode 'yar uwa, ta wuce. Tana yi tana juya miya, tana yi tana yi wa auta faɗa. Har Shugaba ta yabe ta a guruf, ta ce sababbi su yi koyi da ita.

Jakunkuna kuwa suna ta taruwa a bango. Maigidan ya ƙara ƙusa, ya sake ƙarawa. Yaya duk zuwan da za ta yi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta bi su da ido, ta ce masu nawa ne ɗin nan ba su da ƙafa ne? Anti Kwala takan ce kasuwa tana tafe, don haka Shugaba take faɗa musu kullum, wai sai an gani ake saye.

Wata ranar da hantsi ta je shagon mai zif, inda take sayen zare da ƙarafan jaka. Ta tarar da wata mata doguwa cikin fararen kayan asibiti, ta ɗora wata jakar kasuwa a kan teburin shagon, zif ɗin ya yi baki biyu. Matar tana ta mita wa mai zif. Ta ce ita ungozoma ce, gida-gida take bin masu jego, kuma ta gaji da zazzage jaka a gaban mutane kafin ta gano almakashi. Ta ce kwanakin baya ta ga wata jaka a waya, kamar don ita aka ɗinka, aljihu ciki da waje. Ta tambayi kuɗin, aka turo mata hoton zuciya. Ta sake tambaya, aka sake turo mata zuciya. Ta zauna ta rubuta cewa ita ma'aikaciyar jinya ce, da gaske take, tana buƙatarta don aiki, sai aka ce mata na gode 'yar uwa. Shi ya sa ta haƙura ta sayi wannan tarkacen.

Ta miƙa wa mai zif wayar don ya gani. Anti Kwala tana gefe, ido ya kai. Farin bango ne, da ƙusar maigidanta, da jakar da ta kwana biyu tana gyara aljihunta. Ungozomar ta ƙara da cewa ita a ganinta ma ba matar ce ke ɗinkawa ba, hoton wasu ta sato, shi ya sa ba ta da amsa.

Mai zif ya san jakar, ya kuma san mai ita, sai ya duƙar da kai yana laluben abin da bai ɓata ba. Da wata ce, da ta saɓi zarenta ta sulale. Anti Kwala ta ajiye nata a kan teburin.

"Ni ce mai jakar. Ni na ɗinka ta da hannuna."

Ungozomar ta dube ta daga sama har ƙasa. "To baiwar Allah, me na yi miki?"

Anti Kwala ta yi mata bayanin guruf, da dokar, da yadda ake yi. Tana faɗa tana jin yadda maganar take fita ba daɗin ji. Matar ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba.

"Wato ku tambayi junanku, ku amsa wa junanku, mu masu saye mu tsaya a waje muna kallo."

Anti Kwala ta ce ta ba ta jakar ta sa mata zif yanzu, kyauta. Ungozomar ta ce ta gode, tana da tela. Ta karɓi zif ɗinta ta fita, ba ta waiwayo ba.

Kunya ta kama Anti Kwala, amma haushi ya fi kunyar yawa, kuma ba haushin matar take ji ba. Ta koma gida, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kan kujerar keke, ta buɗe shafin, ta fara karanta abin da aka rubuta mata tun daga farko. Karantawa ta gaske, wadda ba ta taɓa yi ba. Ga ungozoma nan a tsakiyar 'yan guruf, da tambayarta, da zuciyar da aka manna mata. Ga wani mai gyaran wuta yana tambaya ko za a yi masa mai ɗaukar kayan aiki. Ga wata tana tambaya ko ana aikawa wani gari. Ba su da yawa, amma mutane ne, sun zo har ƙofarta sun yi sallama, ita kuma ta ɗaga musu hannu ta ci gaba da tafa wa mai man shafawa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Mai gyaran wuta ya ce ya riga ya saya. Sauran ko amsa ba su yi ba.

Sai ta danna wurin ɗaukar murya, ta aika wa guruf. Ba ta zagi kowa ba, amma ba ta tauna ba. Ta ba su labarin ungozoma. Ta ce da sababbi take magana, masu shigowa da kayansu da zuciyarsu kamar yadda ta shigo. Ta ce su karanta duk abin da aka rubuta musu har ƙarshe, ko da mutum ɗaya ne, su amsa masa abin da ya tambaya. In an ce nawa ne, su faɗi kuɗin, kada su ce a biyo su ta bayan fage. Su sa hoton abin da ke hannunsu, su faɗi girmansa da abin da yake ɗauka. Ta ce shafin da ba kowa ba abin kunya ba ne, kowane shago da safe haka yake. Abin kunya shi ne ka cika shagonka da 'yan uwanka har mai saye ya rasa ta inda zai shiga.

Guruf ya ɗauki zafi. Shugaba ta turo murya mai tsawo, ta ce laifin Anti Kwala ne da ba ta iya bambance ɗan gida da baƙo ba, kada ta shafa wa tsari. Ta ce duk wanda ya fita, manhaja za ta binne shi da ransa, ko maigidansa ba zai ƙara ganin hotonsa ba. Wasu suka turo hoton dariya. Wata ta ce tsufa ne, a bar Anti ta koma kan kwalarta, don mai turare ta taɓa ba su labarin sunan. Mai turare kanta ta shigo gida da sauri, ta ce don Allah Anti ta ba Shugaba haƙuri, ko don fuskarta. Anti Kwala ta tambaye ta kwalba nawa ta sayar wa wanda ba ta sani ba tun da ta shiga. Mai turare ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce kasuwa tana tafe. A gabanta Anti Kwala ta danna fita daga guruf.

Abin da Shugaba ta faɗa bai zama ƙarya ba. Shafin ya yi tsit. Wasu ma har komawa suka yi suka janye layik ɗinsu, don a ji a jiki. Ta sa hoto da kuɗinsa da girmansa a rubuce, ya wuni ba wanda ya tanka. Maigidan ya daina nuna wa direbobi waya. Ya dai ce mata shi mai gadi yana nan, ko kamfani ya rufe ba zai bar ƙofa ba. Safiyarta kuwa ta dawo hannunta. Ta koma ɗinki da hantsi, ta ɗauki hoton cikin jaka da almakashi da kwalba a aljihunsu, ta rubuta irin aikin da ta dace da shi. Tsoro bai bar ta ba. Wani lokaci tana tsakiyar ɗinki sai ta tsaya, ta leƙa waya, ta sake taka keke.

Ana haka Yaya ta zo da yamma, daga aiki kai tsaye, da zare a jikin zanenta. Ba ta zauna ba. Ta ce Manaja ya aiko ta, yadin sabuwar shekara ya iso, ranar Litinin za a fara yanka. In ƙanwarta tana so, ta zo da safe. In ba ta zo ba, yarinyar da ke kan keken ta gaje shi. Wannan karon Yaya ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ita ta kai ta kamfanin nan da hannunta, ta yi wa mahaifiyarsu alkawarin ba za ta bar ta ta wulaƙanta ba. Ta karɓi wayar ta duba hoton ranar, ta juya mata shi.

"Dubi nan. Da can ko na ƙarya kina da masu tambaya. Yau ko mutum ɗaya bai ce miki uffan ba."

"Na gani, Yaya. Amma yanzu duk wanda ya yi magana, na san da ni yake."

"In kuma ba wanda ya yi fa?"

Anti Kwala ta kalli bangon, ta kalli jakunkunan da ke rataye, kowace da hannunta da zif ɗinta da aljihunta, ba wadda wani ya ƙarasa mata. Ta ce, "Ki gaishe da Manaja, ki ce na gode. Ya ba yarinyar. Na yi wa wuyan 'ya'yan mutane hidima iya wuyana."

Yaya ta zauna a kan kwandon zif, ta rufe fuska da mayafi. Anti Kwala ba ta lallashe ta ba, don in ta matsa kusa ita ma kukan za ta yi, kuma ta rantse ba za ta yi shi a ɗakin nan ba. Ta jawo yadi ta hau yanka.

Litinin ta zo ta wuce, kujera ta zama ta yarinya. Yaya ta yi fushi na 'yan kwanaki, sannan ta dawo da kanta, wai ta zo duba auta. Tana tsaye a bakin ƙofa tana bin ƙusoshi da ido kamar yadda ta saba, sai wayar da ke kan teburin yanka ta yi ƙara. Anti Kwala ta ɗaga ƙafa daga keke, ta goge hannu a zane, ta ɗauka. Ta karanta a hankali, bakinta yana motsi, ta koma farko ta sake karantawa. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

Yaya ta ce lafiya?

"Yaya, an kushe ni! Wata ce ta ce kalar ba ta yi mata ba sam, kuma hannun ya yi tsawo, ita gajera ce. Wai akwai baƙa?"

Yaya ta ce ita ba ta ga abin dariya ba a mutum ya raina maka kaya. Anti Kwala ta ce tun da ta buɗe shafin nan ba a taɓa faɗa mata magana mai daɗin wannan ba, don ba ɗan guruf ɗin da zai ce kala ba ta yi ba. Ta jawo kujera, ta zauna sosai, ta fara rubutu da yatsa ɗaya. Ta ce akwai baƙin yadi, ta faɗi kuɗin, ta faɗi ranar da za ta gama. Sannan ta ɗago ta kalli yayarta, wadda ita ma ba doguwa ba ce, ta ciro tef daga wuyanta.

"Matso nan, Yaya, in auna kafaɗarki. Matar nan tana jiran amsa."